Katin asibitin da na bari a shagon fotokwafi

Jiya na miƙa makullin durowa, shekara huɗu cif ina taimaka wa lauya a ofishin nan, kuma tun da na shiga motar garinmu abu ɗaya ne yake ta cin raina.

Abokan aiki, kun tuna ƙarar da muka shigar a madadin matan nan biyar da ke tsare a gidan gyaran hali. Maza a gidan gyaran halin suna da shagon kafinta, suna da ajin karatu, su kuwa matan ɗaki ɗaya aka ware musu a lungu, ko ganin malamin asibiti sai an gama da maza tukuna. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana nuna bambanci saboda jinsi, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 kuma ta ce a kula da masu ciki da masu shayarwa, to a kan nan muka tsaya. Irin wannan ƙara yawanci da takardar rantsuwa ake yin ta, a maƙala mata hujjoji. Barista ya ce haɗa min duk abin da muke da shi gobe za mu shigar, na ce to ranka ya daɗe, na haɗa duka.

A ciki har da katin asibitin ɗaya daga cikin matan, wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Layi ɗaya kacal muke buƙata a katin, ranar da ta kai kukan zubar jini da ranar da aka duba ta. Amma a saman katin akwai sakamakon gwajin cikin da doka ta ce a yi wa duk macen da aka kawo cikin kwana 14. Ciki wata biyu, mijinta kuwa ya fi shekara yana ci-rani a Legas. Cikin a can gidan yari ya zube, babu mahalukin da ya sani a gida.

Na kai fayil ɗin shagon fotokwafi na bakin kotu, wuta ta ɗauke, yaron ya ce sai ya tayar da janareto, na bar masa takardun a kan tebur na tafi sallar azahar. Kwafi shida, na kotu, na lauyan gwamnati, na masinja ya kai wa waɗanda ake ƙara, sunanta da sunan ƙauyenta ɓaro-ɓaro a kowanne. Ba a yi kasuwar garinsu biyu ba magana ta isa. Takardar sakin aure har cikin gidan yari aka kawo mata, yaranta uku dangin miji suka kwashe.

Da na je ziyara ko ɗago kai ba ta yi ba, gefen hijabinta kawai take murzawa, gandirobar tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce Malama, cewa kika yi za a nuna wa alƙali ba a duba ni ba, ba ki ce har da wannan ba. Gaskiyarta ne. Ta dangwala yatsa a takardar amincewa, amma abin da na faɗa mata da baki shi ne za mu yi amfani da takardunki, shi ke nan, ban karanta mata katin ba, ita kuma ba ta yi boko ba balle ta san me ke ciki.

Laifina ne, na ɗauka. Abin da har yau ban iya haɗiyewa ba shi ne yadda Barista ya tsaya a gaban kowa ya ce sakacina ne ni kaɗai, alhali shi ya sa hannu ko buɗewa bai yi ba, kuma bai taɓa zuwa ya ba matar haƙuri ba.

Daga baya na zauna na karanta da kaina. Sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa kuma ɗauri bai cire mace daga ciki ba, ƙa'idojin Bangkok na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010 sun ce ɗaurarriya tana da haƙƙin ta ƙi bayyana tarihin ciki da haihuwarta, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta sa bayanin lafiya cikin masu tsananin sirri. Ku da kuka rage, a shafe abin da ba a buƙata da baƙar maka sannan a sake yin kwafi, don in aka ɗaga ta farkon a rana ana ganin rubutun. A roƙi kotu ta yarda a sakaya suna. Kar fayil ya bar hannunku ko da minti ɗaya ne.

Ƙara uku na haɗa bayan wannan, babu wadda sirrinta ya fita. Ita an ba da belinta, ta koma wajen gwaggonta a wani gari, na kira lambar da ta bar min ya fi sau goma ba a ɗagawa.