Shafi na shida da na tsallake

Ƙannena masu karatun lauya, lokacin da Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi a Nuwamban 2021, na ɗauka kakata ta yanke saƙa. Na haddace ta, na haddace alkawarin da Najeriya ta ɗauka a taron sauyin yanayi na duniya a Gilasgo na daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa daga iska nan da 2060, na zauna jiran kira daga Abuja. Dokar kwangila kuwa, wadda da ƙyar na ci a makaranta, na watsar da ita, wai ta masu rigimar haya ce.

Abuja shiru. Waɗanda suka yi mini sallama 'yan Keke Napep ne daga unguwar Pantami a Gombe, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Wani kamfani zai ba su keke mai lantarki, su riƙa biyan balas kullum har ya zama nasu. Shugabansu, wani dattijo, ya zaro takardar daga aljihun gaba, an ninke ta huɗu, gumi ya jiƙa gefenta. Ya ce, "Barista, duba mana, mu Turancin bai zauna ba."

Murna ta rufe mini ido. Na cika su da laccar hayaƙi, na ce su sa hannu. Ashe a shafi na shida an rubuta cewa keke zai zama na direba, amma batir na kamfani ne, haya zai riƙa biya. Batirin nan kuwa shi ne mafi tsada a jikin keken. Wanda ya yi fashin biya na kwana uku a ƙwace, abin da ya zuba ya bi ruwa. Ranar da babu wuta a wurin caji fa? Takarda ba ta ce komai ba. A Gombe!

Don haka ku riƙe kwangila da kyau, layi-layi. Ku san Dokar Filaye ta 1978, domin wurin caji fili yake buƙata, filin cikin gari kuma a hannun gwamna yake. Ku karanta Dokar Lantarki ta 2023 da ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Kafin ku buɗe takarda, ku zauna a tasha ku ji nawa direba ke komawa da shi gida.

Wata bakwai na yi ina zarya kyauta kafin aka sassauta sharaɗin ƙwacen. Na batir yana nan. Har yau in dattijon ya hango ni a Jekadafari sai ya rage gudu ya ce, "Barista, ya batir?"