Kare gaɓar gulbi tun kafin damina

A 2003 hukumomin Senegal suka yanka hanyar ruwa mai faɗin mita 4 cikin rairayin da ya raba kogin Senegal da teku, don ceton birnin Saint-Louis daga ambaliya. Ruwa ya yi ta cin bakin har faɗinsa ya kai kilomitoci, gishiri ya shiga gonaki. Mu a Maradi ba mu da teku, amma gaɓar rairayi halinta ɗaya, kuma ambaliyar 1945 ce ta tayar da tsohon gari zuwa tudu.

A gulbi, ruwa daga gindi yake cin gaɓa. Shi ya sa ragar waya da ake cika wa duwatsu take kifewa idan an aza ta bisa rairayi kai tsaye. A haƙa mata gindi aƙalla rabin mita, a shimfiɗa wata siririyar raga a gabanta, a jera ragogin hawa-hawa suna jingine da gaɓa. Dutsen ya fi idon raga girma, kamar santimita 15 zuwa 25. Bayanta a zuba tsakuwa, in ba haka ba ruwa zai tsotse ƙasa ta cikin ramukan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin bakuna biyu na jerin ragogin a fili. Sai a cusa su cikin gaɓa, don ruwa kan zagaya ta baya.

Daga sama a dasa ciyawar jema layi-layi da faɗuwar ruwan farko, tazarar santimita 15, a tsare ta daga dabbobi shekarar farko. Masu ɗibar yashi kuwa a nisanta su da gindin ragar.