Bitil ɗin 1959 da ta koya mini auna zafi

Wani dattijo ya kawo mana Volkswagen Bitil ƙirar 1959 gareji, da kwali guda na kayan Okrasa da ya samo daga Jamus. Kayan ƙara gudu ne da kamfanin Oettinger ya riƙa ƙerawa tun shekarun 1950: kawunan silinda masu faɗin hanyar iska, kafireta biyu na Solex, da kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, mai ɗaga girman injin daga cc 1192 zuwa kusan 1300. Injin da ke ba da ƙarfin doki 30 sai ya haura 40.

Maigidana ya damƙa mini aikin. Kwana uku na yi ina daidaita kafiretocin nan. Ya nuna mini yadda ake kara bakin tiyo a maƙogwaron kowace, ɗaya bakin a kunne, a yi ta murɗa sukuru har hucinsu ya zo ɗaya. Ranar da silo, wato aikin injin ba tare da an taka totur ba, ya zauna daram, ji na yi kamar an ba ni kyautar motar.

Amma na yi ganganci. Bitil ba ta da lagireto, iskar fanka ce ke sanyaya ta, kuma farantan kwanon da ke kewaye da injin su ke bi da iskar inda ya kamata. Ɗaya ya tokare mini wajen ɗaura kafireta, sai na cire shi na ajiye. Robar gefen injin ma ta tsufa, na ce ai za ta yi. A zafin Afrilu na fita gwaji hanyar Zariya. Tana tashi kamar iska, ni kuwa sai ƙara taka totur nake. Can na ji ƙwas-ƙwas, ƙarfi ya tafi.

Da muka sauke injin, bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku ya ƙone. Dama a tsofaffin injunan nan ita ta fi shan wuta, domin abin sanyaya baƙin mai yana tsaye a hanyar iskarta. Maigida bai yi faɗa ba. Farantin ya ɗauko ya miƙo mini, ya ce, "Kai yaro, wanda ya ƙera wannan ba don ado ya sa shi ba."

Abin da ya fi ci mini rai, kan silindar ba a samunsa a kasuwa. Allah ya taimaka bai tsage ba. Na mayar da farantin, na sa sabuwar roba, na ɗaura agogon zafin mai a dashbod, sannan muka kira Alhaji ya zo ya ɗauki motarsa.