Inda muka kwana a koyon keke: mun zo kan waiwaye

'Yan uwa masu koyo da masu koyarwa, sannunmu da ƙoƙari.

Zama daram a kan keke dai mun wuce wajen. Cire feda muka yi, aka sauke sirdi har tafin ƙafa ya taka ƙasa, kowa ya riƙa turawa yana ɗage ƙafa, sai da jiki ya saba sannan feda ta koma. Yara nan da nan suka kama, manya ne tsoron faɗuwa ke riƙewa, ido ƙur a kan tayar gaba, alhali inda ka kalla can keke ke nufa. Burki ma an yi, a matse biyun tare a hankali, ban da fizgar na gaba shi kaɗai.

Yanzu waiwaye muke fama da shi, kuma ni dai wanda bai iya shi ba wallahi ba na fitar da shi titi komai gudunsa. Da mutum ya juya kai sai kafaɗa ta ja hannu, keke ya karkace, to a fili ba komai amma a titi gaban mota ka faɗa ke nan. Sai na ja layi da alli, mutum ya bi layin, ni ina baya in ɗaga yatsu in kira shi, ya waiwayo ya faɗi guda nawa ne ba tare da taya ta bar layi ba. Wata baiwar Allah da ta kusa yin jika, da farko ko kai ba ta iya juyawa, yanzu tana faɗin yatsun daidai har ta saki hannu ɗaya ta ba da sigina, na ji daɗin abin ƙwarai.

Tsarin koyar da hawan keke mai suna Bikeability da Ingila ta fara a 2007 haka ya bi, mataki 3 ne, fili babu mota, sai titi mai ƙarancin motoci, sannan mai cunkoso.

Mu na biyun za mu shiga. Tun yanzu nake nanata musu kar a manne da gefen titi, a bar tazarar kamar mita 1 da motar da aka faka saboda buɗe ƙofa, kuma kar a kuskura a kutsa gefen tirela a kwana, direban ba ya ganinka. Kowa ya zo da hular kwano, ya duba iskar taya da burki da cen tun daga gida.