Lissafin da na yi wa kamfanin maganin sikila kafin mu sa kuɗinmu

Ranar 8 ga Disamba 2023 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da magunguna biyu na sikila masu gyara ƙwayoyin halittar majiyyaci: Casgevy na kamfanin Vertex, da Lyfgenia na bluebird bio. Muna da 'yar ƙungiya ta abokai da ke haɗa kuɗi mu sayi hannun jarin waje ta manhajar waya, labarin kuwa ya tayar mana da tsimi, don da wuya ka sami gida a cikinmu da bai san wahalar sikila ba, ko a ɗaki ko a dangi. Dattijonmu ya ce mini, "Malam, kai ne mai haƙurin karatu, duba mana bluebird ɗin nan, hannun jarinsa ya yi araha." Na ce, "To Alhaji, a ba ni lokaci."

Ni ba likita ba ne, saboda haka ban tsaya kan ingancin maganin ba. Abin da na nema shi ne amsar tambaya guda: wata nawa kuɗin da ke hannun kamfanin zai kai shi? Lissafin ba shi da wuya. Ka ɗauki tsabar kuɗin da yake da shi, ka raba da abin da yake ƙonawa duk wata. Sai dai akwai tarko, domin jimillar da kamfanoni ke shelantawa takan haɗa da kuɗin da aka ɗaure a matsayin jingina, na hayar gini da makamantansu, wanda ba a iya taɓa shi a biya albashi. Na cire wannan tukuna. Abin da ya rage bai ba ni natsuwa ba. Kamfanin da kansa tun Maris 2022 ya rubuta a rahotonsa cewa akwai babban kokwanto ko zai iya ci gaba da aiki, kuma asarar da ya tara tun kafuwarsa ta kai wajen dala biliyan 4.

Daga nan na bi sawun inda kuɗin ke fitowa, a nan ne na fi daɗewa. A Amurka, wanda ya samar da maganin wata cuta ta yara da ba a cika samu ba, FDA kan ba shi wata takarda da ke rage jiran tantance wani magani daga wata 10 zuwa 6, kuma ana iya sayar da ita. bluebird ya sami biyu a 2022, ta magungunansa Zynteglo da Skysona, ya sayar da ɗaya dala miliyan 102, ɗayar miliyan 95. Wato ba cinikin magani ke riƙe da shi ba, takardun nan ne. Ta uku ma har ya yi cinikinta da kamfanin magani na Novartis a kan miliyan 103 tun kafin ta zo hannu. Da aka amince da Lyfgenia, FDA ta ƙi bayarwa, ta ce sinadarin ɗaya ne da na Zynteglo wanda aka riga aka ba wa takarda. An sayar da kaza tun tana cikin ƙwai, ƙwan kuma bai ƙyanƙyashe ba.

Alhaji ya ce ai maganin dala miliyan 3.1 ne kan mutum ɗaya, ko ɗari suka sha an haye. Na bayyana masa cewa ba ƙwaya ba ce da ake saya a kanti. Sai kamfanin inshora ko gwamnatin jiha ta yarda za ta biya, a ɗebi ƙwayoyin jinin majiyyaci, wani lokaci fiye da sau ɗaya, a kai masana'anta a gyara, a yi masa maganin da ke share ɓargo, sannan a mayar masa. Watanni ke nan, kamfanin yana ta kashe kuɗi, ba ya rubuta ciniki sai an kai ƙarshe. Ga Casgevy a miliyan 2.2, a hannun Vertex mai ribar magungunan cutar huhu da zai iya jira shekaru. Ga kuma gargaɗin haɗarin kansar jini da FDA ta sa a takardar bayanin Lyfgenia. Ban manta ba kuma cewa a 2021 bluebird ya tattara ya bar Turai bayan ya kasa daidaitawa da Jamus kan farashin Zynteglo.

Na gaya wa 'yan ƙungiya cewa hanya biyu ta rage masa, ya buga sabbin hannun jari ko ya ci bashi, kuma dukkansu a jikin mai hannun jari za su ƙare. Muka haƙura. Ba a rufa mako biyu da amincewar ba ya sayar da sabbin hannun jari na dala miliyan 125, kowanne a dala 1.50, rabon tsofaffin masu shi ya tsuke. A Maris 2024 ya karɓi bashin kamfanin ba da rance na Hercules Capital, har miliyan 175 a takarda, amma 75 aka fara ba shi, sauran sai ya cika sharuɗɗa. Tun daga lokacin, duk inda na ga an ce "har zuwa" a maganar bashi, kashin farko kaɗai nake ƙirgawa. Irin wannan bashi yakan zo da sharaɗin kada kuɗin asusu ya sauka ƙasa da wani adadi, don haka ranar matsi tana riga ranar da asusu zai bushe. Wannan ban fahimce shi sosai ba sai da na ga yadda ya shaƙe bluebird.

Sauran labarin ya tafi da sauri. An sallami kusan kashi 25 cikin 100 na ma'aikata a Satumba 2024, a Disamba aka dunƙule kowane hannun jari 20 ya zama ɗaya. A Fabrairu 2025 kamfanonin zuba jari Carlyle da SK Capital suka yi tayin sayen kamfanin a dala 3 kan kowane hannun jari, jimilla wajen miliyan 29, da alkawarin ƙarin dala 6.84 kan kowanne idan ciniki ya kai miliyan 600 cikin wata 12 kafin ƙarshen 2027. Hukumar gudanarwar kamfanin ta ce in ba haka ba ana fuskantar saɓa sharuɗɗan bashi da durƙushewa. Daga baya aka ba da zaɓin dala 5 nan take ga wanda ya yafe ƙarin. Idan ka warware dunƙulewar nan, dala 3 santi 15 ke nan, kashi ɗaya cikin goma na abin da masu sayen Disamba 2023 suka biya, a kamfanin da darajarsa ta taɓa haura dala biliyan 10 a 2018.

Maganin dai bai mutu ba. An kammala cinikin a Yuni 2025, kamfanin ya fita daga kasuwar hannun jari, ya koma sunan Genetix, kuma ana ci gaba da yi wa masu sikila Lyfgenia a asibitocin Amurka.