Ragon da na goge daga lissafi

Jiya na miƙa makullin firiza da littafin barbara, na sa hannu a takardar ajiye aiki. Shekara uku da rabi na yi da garken tumakin binciken nan. Da yawanku kun ji labarin 'yan raguna ukun nan a bakin wani, kuma rabin magana aka ba ku. Ina so in cika sauran da bakina, har da ɓangaren da nake jin nauyin faɗa.

Saboda sababbin ɗaliban da ba su riski abin ba, bari in ɗan koma baya. Duk tumakin kalifij, wato masu gadon cikar tsoka a cinya da baya, da ake nazari a kansu sun samo asali ne daga rago ɗaya, jinsin Dorset, wanda aka haifa a jihar Oklahoma ta Amurka a 1983, aka sa masa suna Solid Gold. Cinyoyinsa da gadon bayansa sun cika da tsoka fiye da na kowane rago a garken, wasu daga cikin 'ya'yansa kuma suka gado shi. Sunan kalifij daga Girkanci aka aro shi, ma'anarsa kyawun mazaunai. A 1996 Noelle Cockett da abokan aikinta suka fito da yadda gadon ke tafiya, a 2002 kuma aka gano ainihin sauyin: harafi ɗaya tak cikin haruffan DNA, wato rubutun gado, a kromosom (ƙunshin DNA) na 18, inda A ya koma G, kusa da ƙwayar gadon da ake kira DLK1. Dokar gadon sauyin ita ce ta rikita kowa tun farko. Tsokar ba ta fitowa sai ga ɗan da ya karɓi sauyin daga ubansa, ya kuma karɓi lafiyayyen kwafi daga uwarsa. Wanda ya karɓa daga uwa kaɗai, jikinsa kamar na kowa. Wanda ya karɓa daga iyaye biyun, shi ma kamar kowa, domin bisa bayanin da aka fi yarda da shi, ƙananan RNA, wato gajerun saƙonnin da ake kwafowa daga DNA, da kwafin uwa ke fitarwa su ne ke danne aikin na uba.

To ga inda ƙaya take. Na'urar ɗakin gwaji za ta gaya maka rago na da G ɗaya, amma gwajin harafin kaɗai ba zai gaya maka wa ya ba shi ba. Wannan sai littafin barbara, kuma littafin a hannuna yake.

A shekarata ta biyu muka ware tumaki masu kwafi ɗaya na sauyin, muka sa musu rago marar sauyin. Ke nan duk ɗan da ya fito da G, daga uwarsa ya samo, kuma bai kamata ya yi tsokar ba. Su ne ma'auninmu, waɗanda za mu kwatanta sauran da su. Ragonsu na ɗauke da jan alli a ƙirji, don duk tunkiyar da ya hau ya bar mata shaida a ƙugu. A shingen da ke gefe akwai mai ɗauke da sauyin, allinsa kore. Wata safiya ina sauri da akwatin kwalaben jini, dattijon da ke kula da garke ya tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, kore fa a nan ya kwana. Sakata ce ta ɓalle. Da asuba na mayar da shi."

"To Baba, na ji, zan rubuta."

Na leƙa ƙugun tumakin daga inda nake tsaye. Mafi yawa ja ne, wasu kaɗan kuma launin ya yi duhu kamar taɓo. Na ce a raina kwanciya ce suka yi a laka. Jinin da ke hannuna na jiran ƙanƙara, na wuce, kuma har rana ta faɗi ban buɗe littafin ba.

Bayan wata biyar aka fara haihuwa. Kalifij ba ya nuna kansa ranar haihuwa, shi ya sa uwa ba ta shan wahalar naƙuda da shi. Sai ɗan ya yi makonni tsokar ke tasowa. Wajen mako na shida na lura da uku a cikin 'yan ma'aunin. Idan ka tsaya a bayansu, cinyoyin sun zagaye sun taru, ga wani kwari ya miƙe a tsakiyar gadon baya saboda naman da ya kumburo hagu da dama. Na ɗora tafin hannu a ƙugun ɗayansu, na ji shi tsam kamar damtsen ɗan dambe. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Hoton na'ura ya tabbatar da kaurin tsokar, gwajin jini ya nuna G ɗaya, littafi kuma ya ce daga uwa. Ke nan mun sami abin da ya karya dokar 1996. Ban iya barci ba a daren.

A cikin sakamakon ranar akwai wani layi da ban taɓa gaya wa kowa labarinsa ba sai da komai ya lalace. Rago mai lamba 214, shi ma cikin 'yan ma'aunin, ya fito da G biyu. Hakan ba ya yiwuwa idan ubansa ba shi da sauyin. Amsar duka tana cikin wannan layin, kuma na kalle shi da idona. Jikin 214 ba shi da wani abin jan hankali, kamar yadda doka ta ce zai kasance, ni kuwa hankalina na kan ukun. Na rubuta a gefe cewa an cakuɗa kwalba, na goge layin. Sake ɗibar jininsa aikin minti goma ne, shingensa ma ana hango shi ta tagar ofis. Ban je ba, don a can ƙasan zuciyata na san abin da zan tarar, kuma ba na son in tarar da shi. Wannan laifina ne ni kaɗai, ban taɓa neman raba shi da kowa ba.

Abin da har yau bai kwanta mini ba shi ne abin da ya biyo baya. Da murnar ta lafa, zancen sakatar ya dawo mini. Na rubuta wa Farfesa sau biyu ina roƙon a yi gwajin tantance uba kafin maganar ta fita, a saƙo na biyu har na ambaci daren da kore ya tsallaka. Na kuma same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, a daure a gwada ukun nan. Hankalina bai kwanta da littafin ba."

Ya ce kuɗin gwaji ya ƙare, ranar rufe karɓar takardun taro kuma ta matso, in je in gyara jadawali. Ya tafi taron, sunansa a gaba. Tambayar farko da aka yi masa bayan ya gama jawabi ita ce ko an tabbatar da uban. Kuɗin da babu suka fito a mako guda. Duk ukun 'ya'yan kore ne, haka ma 214.

A zaman ma'aikata ya ce ba a taɓa sanar da shi akwai shakka ba. Na buɗe saƙonnin a waya na miƙa, ya ce nan ba wurinsu ba ne. Aka karanta laifina daki-daki, kuma gaskiya aka karanta. Nasa ba a ko taɓo shi ba. Da aka juya za a rataya wa Baba jakar tsaba kan sakata, na miƙe na ce ya gaya mini da bakinsa a safiyar, ni ne ban rubuta ba. Wannan ya ƙara mini nauyi, aka cire sunana daga aikin kalifij gaba ɗaya. Baba kuwa yana nan a bakin aikinsa. Wanda zai gaje ni, duk buƙatar da ka kai sama ka kai ta a rubuce, ka kuma sa mutum na uku a ciki. Ni mutum biyu kawai suka san da saƙonnina, ɗayan kuma ya ce bai sani ba.

Shekara ɗaya da rabi da ta rage na yi ta ne a kan tumakin Texel, wani jinsi mai yawan tsoka, kuma a nan na sake son aikin. Mayostatin furotin ne da ke zama birkin girman tsoka, idan ya ragu sai tsoka ta ƙaru. Se-Jin Lee da Alexandra McPherron ne suka gano shi a jikin ɓeraye a 1997. A shanun Belgian Blue ƙwayar gadon ce ta lalace, haruffa 11 suka ɓace. A Texel kuwa ƙwayar lafiyarta ƙalau. Ɗakin gwajin Michel Georges da ke Liège a Beljiyam ya nuna a 2006 cewa G ne ya koma A a jelar saƙon da ƙwayar gadon ke aikawa, ɓangaren da ba a ma juya shi zuwa furotin, sai wurin ya zama masaukin wasu ƙananan RNA biyu, miR-1 da miR-206, su kuma suka rage yawan birkin. Tun da na fahimci wannan na daina raina duk wani sashe na DNA don kawai ba ya samar da furotin.

Sauran shawarwarina ba su da tsawo. Kada ka auna yawan nama ka manta da taushinsa: ƙugun kalifij tauri gare shi saboda yawan kalfastatin, wanda ke hana nama saki bayan yanka, kuma wannan ne ya hana makiyaya rungumarsa duk da cikar cinya da ƙarancin kitse. Hoton tsoka, mutum ɗaya ya riƙa ɗauka, a gurbi ɗaya na ƙashin baya. Tunkiya na iya ɗauke ɗan wata a daren haihuwa, don haka a sa lambar kunne kafin a buɗe shinge. Tawada na gogewa a firiza, fensir ba ya gogewa.

Na yanki ɗan naman kunnen kowane ragon barbara da ke garken, suna aljihu na biyu na firiza, kowanne da lambarsa da launin allinsa. Babu wanda ya sa ni, kuma ba a biya ni lokacin ba. Jinin 214 ma yana wurin. Layinsa na mayar da shi cikin jadawali, na rubuta ranar da na goge shi da ranar da na dawo da shi, na sa hannu a ƙasa.