Muryata ce, shafin nasa ne

Na ajiye aikin karanta talla a studiyo a ƙarshen watan jiya. Jos ba ta da girman da magana za ta ɓuya, kuma na ji ana cewa wai girman kai ne ya fitar da ni, don haka gara 'yan sana'armu su ji daga bakina. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka taɓa hawa benen nan suka tsaya gaban makirfon da ake ɗaure wa wuya da salatif sun san wurin, sauran kuma ba su yi asarar komai ba.

Shekarun baya Oga, mai studiyon, ya buɗe wa studiyo furofayil a dandalolin intanet da ake hayar masu murya. Ya ce mu shigo ɗaya bayan ɗaya mu karanta talla da sanarwa, za a haɗa samfuri. Muka karanta, ya sayo mana shinkafa da lemo, muka watse. Sunan da ke kan shafin na studiyo ne, hoton na Oga ne da hedifon a wuya, imel nasa, asusun karɓar kuɗi nasa. Ni a can ciki sunana "muryar mace ta ɗaya", wata 'yar'uwa daga Bukuru ita ce ta biyu. Ko a jikinmu, domin a saninmu aiki daga Taminus da titin Ahmadu Bello yake zuwa: mai shagon atamfa, mai maganin basir, makarantar kuɗi mai neman ɗalibai.

Sai hukumar ARCON mai kula da harkar talla ta hana amfani da fuska ko muryar 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya, daga 1 ga Oktoba 2022. Mu masu Hausa dokar ba ta taɓa mu kai tsaye ba, dama ba wanda ke ɗauko Bature ya yi masa tallan omo da Hausa. Amma a studiyonmu daga wannan lokacin ne aikin Legas ya fara yawa, ga zaɓen 2023 ya ƙarato. Rubutu na shigowa daga kamfanonin talla, da bankuna, da ƙungiyoyin agaji na Abuja masu saƙon rigakafi. Ina shiga ɗaki da safe, ba na fitowa sai maƙogwaro ya bushe. Kuɗina kuwa bai motsa ba. Kowane talla farashinsa ɗaya, wanda aka yanka tun ana sayen litar fetur ƙasa da naira 200. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na yi magana, ya ce, "Ƙanwata, kin san abin da janareta ke sha kuwa? Ki yi haƙuri, duk muna ciki."

Asiri ya tonu ne wata rana da ake ɗaukar talla kai tsaye. Wata mata daga kamfanin talla a Legas tana kan Zoom tana gyara mini inda zan ɗaga murya da inda zan sauke, Oga ya fita amsa waya. Cikin hira ta ce tallan da na yi musu bara ya karɓu sosai, shi ya sa suka sabunta shi na wata shekara suka ƙara da gidajen rediyon wasu jihohi, tana fata na ga godiyar da suka rubuta a shafina. Na ce na gode, Madam. Injiniyanmu, yaro mai kunya, ya sunkuyar da kai yana murɗa abin da ba ya buƙatar murɗawa. Da aka tashi na tsare shi a matakala. Ya ce, "Anti, don girman Allah kada ki ce ni ne," ya buɗe mini shafin a wayarsa. Taurari biyar-biyar a jere, da sharhin kwastomomi, rabinsu ko fiye suna yabon muryar mace ta ɗaya.

Ga waɗanda ba a taɓa gaya wa ba, kamar yadda ba a gaya mana ba: kuɗi biyu ne a wannan sana'a. Akwai na karatu, akwai na amfani. Na biyun ya danganta da inda za a sa muryar, rediyo ko talabijin ko intanet, jiha ɗaya ko ƙasa baki ɗaya, wata uku ko shekara. In wa'adi ya cika kwastoma yana son ci gaba, sai ya sake biya, ba tare da mai muryar ta sake buɗe baki ba. Wannan na biyun shi ne bai taɓa sauko da matakalar ofishin Oga ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Da na same shi bai ko musa ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

"Yallaɓai, ashe ana biyan kuɗin sabuntawa?"

"To sai me? Wa ya sayi makirfo? Wa yake biyan kuɗin shafin da dala? Wa ya tsinto ki kina karanta sanarwar ɗaurin aure da cigiyar akuya?"

In za a yi adalci yana da rabo. Hayar bene, kayan aiki, fafutukar neman kwastoma, duk nasa ne, ban taɓa cewa ba nasa ba ne. Amma rabo ake cewa, shi kuwa duka ya ɗauka, ya ɓoye cewa akwai abin rabawa. Ranar da zan tafi na roƙi kwafin samfurorina, ya ce kayan studiyo ne. Taurari da sharhi kuma ba a ɗauke su daga wannan asusu a kai wancan, suna nan inda aka haife su. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana da sashe kan haƙƙin mai wasa da mai rerawa da mai karantawa. Wani ɗan'uwanmu lauya ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni takardar da muka yi da Oga. Babu. Ya ce in je in buɗe nawa shafin, zai fi mini sauri.

Haka na zauna gaban fom da wayata, ba tauraro ko ɗaya.

Akwatin harshe shi ne ya fi cin lokacina. Zaɓar "Hausa" ba wuya, amma a wurin bayani sai da na faɗi wace Hausa. Oga kullum cewa yake in gyara bakina in yi Kananci, in na saki Hausar gida ya ce ina ɓata masa kaset, ko da yake rabon duniya da kaset an daɗe. Daidaitacciyar Hausa irin ta labarun rediyo ina da ita, na rubuta ta a farko. A ƙarƙashinta na ƙara abin da aka daɗe ana sa ni jin kunyarsa: ina iya Hausar kasuwar Filato, wadda Birom da Angas da Tarok da Bahaushe ke ciniki da ita a Farin Gada, mai gajerun jimloli, wadda ba ta damu da jinsi ko lanƙwasar harafi ba. Aikin kirki na farko da ya shigo ta wannan layin ya shigo. Wata ƙungiya ce ke son saƙo ga manoman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, sun gwada muryar mai karanta labarai, manoman suka ce sun ji amma ba da su ake ba. Sakkwatanci ban sa ba, don ba ni da shi. Hausar Nijar ma haka. A Maraɗi da Damagaram da dala ake lissafi, ba ta Amurka ba, dala ɗaya sefa biyar, kuma wanda bai saba ba zai karanta farashi ya sa mutane dariya.

Bayanin kai da Turanci ake rubuta shi, domin mai ba da aikin yawanci ba ya jin Hausa. Wannan ya kamata ya zauna a ran kowa. Ba zai gane daɗin lafazinki ba. Abin da yake ji shi ne tsabtar sauti da daƙiƙoƙin farko, sannan ya tura wa wani Bahaushe a ofishinsu, wani lokaci ma direba, ya ce yaya ka ji. Saboda haka na bar dogon tarihin makarantu da "tun ina ƙarama nake son rediyo". Na rubuta irin muryar, ta mace ce tsaka-tsaki, tana yin uwa tana yin ma'aikaciyar banki, ba ta yin yarinya. Samfuri na raba shi kashi-kashi: talla, bayanin fim ɗin gaskiya, saƙon waya irin na "danna 1", da wasan kwaikwayo. Kowanne bai wuce minti ɗaya ba, babu sallama, babu gabatar da kai, babu kiɗan da zai danne murya. Da yake an hana ni tsofaffin ayyukana, ni na rubuta sababbi da sunayen kayan da babu su a kasuwa. Sun fi na da kyau, ba don ni na yi ba.

Akwatin kayan aiki kuma gaskiya kawai yake so. Ɗakina kusurwa ce tsakanin wadrob da bango, na rufe ta da barguna, abin da gidan Jos ba ya rasawa. Makirfo mai shiga kwamfuta, manhajar Audacity wadda kyauta ce, fayil ɗin sauti na WAV mai ingancin 48 kHz in na bidiyo ne, 44.1 in na sauti ne kawai. Hayaniyar ɗaki ana so ta sauka ƙasa da -60 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, ni kuma ba na samun haka sai bayan sallar isha'i in janareton maƙwabta ya yi shiru, ko kafin kiran assalatu. Ranar Lahadi da safe ba a magana, cocin bayanmu na da ƙungiyar mawaƙa mai ƙarfi. Inda aka tambayi lokacin miƙa aiki kowa na rubuta awa 24, ni na sa kwana 2. Duk wanda ya taɓa jin ruwan Agusta, balle ƙanƙara, a kan rufin kwano ya san dalili.

Fassara na ware mata farashinta daban. Rubutu na zuwa da Turanci, ko da Hausar da na'ura ta juya, kuma abin da ya cika daƙiƙa 30 da Turanci sau da yawa ba ya shiga daƙiƙa 30 da Hausa sai an sake gina shi. Na shekara da shekaru ina wannan gyaran a tsaye da biro a gaban makirfo, kyauta, ana kiransa "ɗan duba mana".

Sauran a taƙaice. Dandalin Fiverr na cire kashi 20 cikin 100, kuɗin kuma sai ya yi kwana 14 kafin a taɓa shi, a sa wannan cikin lissafi tun farko. Dandalolin Voice123 da Voices.com suna da rajistar kyauta da ta biya, kada a biya dala kafin a ga aiki. Asusun karɓar kuɗi na Payoneer ya zama da sunan da ke kan katin shaidarki, ba na miji ba, ba na yaya ba, balle na oga. A rubuta abin da ba a yi, ni na sa giya da caca da zagin ɗan takara. Duk kwantiragin da ya ce "har abada, a ko'ina", ko ya ambaci koyar da na'ura da muryarki, a karanta shi a zaune.

Makon jiya Oga ya kira. Kwastoman Legas ya canza farashin kayansa, ana son a sake layi ɗaya tak a tsohon tallan, da murya iri ɗaya. Na tura masa adireshin shafina, farashi na rubuce a ciki. Ya ce, "Haba ƙanwata, tsakaninmu?" Na ce, "Yallaɓai, tsakaninmu ne ya sa ban ƙara komai ba." Bai sake kira ba. Ya sa sabuwar yarinyar da ya ɗauka ta kwaikwaye ni, kuma ba laifinta ba ne, muryarta na da kyau in aka bar ta ta yi tata. Shekaranjiya na ji tallan a cikin Keke a hanyar Bauchi Road. Daidai wurin farashin aka yi ɗinkin, kuma injiniyan bai ko daidaita ƙarfin sautin biyu ba.